Ɓuntun Shinkafar Kebbi da Ruwan Rini: Abin da Gawayi Zai Iya da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Duk buhun shanshera mai kilo 100 da aka kai injin casa, kusan kilo 20 daga cikinsa ɓuntu ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman ya bunƙasa, injinan casa suka yawaita. Ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ɗimbin ƙananan injina a Jega da Kamba da Yawuri. Ɓuntu ya ƙaru daidai gwargwado. Wasu manyan kamfanoni suna hura tukunyar turara shinkafa da shi, masu kiwon kaji suna ɗiba su shimfiɗa, magina suna kwaɓa ƙasa da shi. Duk da haka ana barin tsibi-tsibi a bayan gari, a cinna masa wuta ya yi ta ci a hankali kwana da kwanaki, hayaƙi na bin gidajen mutane.

A ɗaya gefen kuma akwai wata sharar da ba a cika maganarta ba, wato ruwan da masu rini ke zubarwa. Shekarun nan masana sun duƙufa wajen haɗa waɗannan biyun: a mayar da ɓuntu gawayi, abin da suke kira bayoca, a tace ruwan rini da shi. Dabarar tana aiki, kuma jihar Kebbi na cikin wuraren da suka fi dacewa da ita a ƙasar nan. Sai dai yadda ake yayata ta ya zarce abin da gawayin zai iya shi kaɗai, kuma akwai wani ɓangare nata mai haɗari da ake tsallakewa.

Mu fara da ruwan. Rinin da kakanninmu suka sani na baba ne. A karofi ana zuba ruwa da toka da baba a rami, a bar shi ya ruɓa, a yi ta motsawa har ya nuna. Idan ramin ya mutu, laka da ta kwanta a ƙasa ba a yar da ita. Ita ce katsi: a kwashe, a cuccura, a shanya, a ƙona, sannan ta koma cikin sabon rami ko ta shiga haɗin laso da ake shafe rami da soraye da shi. Marinan da suka gabata suna da tsarin sarrafa shararsu, kuma wannan abu ne da ya cancanci a tuna da shi da girmamawa.

Rinin zamani ya zo da wani lissafi daban. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓi na kwinin, sai ya samu launin shunayya daga sinadaran kwalta. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na haɗi, wanda ya durƙusar da noman baba a duniya. Yau garin rinin da ake awo a kasuwa kusan duk na masana'anta ne, kuma fiye da rabin launukan da ake amfani da su a duniya 'yan gida ɗaya ne da ake kira azo.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu rinin shadda ya san yadda abin yake. Rabin duro a kan murhu, ruwa na tafasa, a zuba garin rini, a zuba soda mai ƙuna, a ƙara farar hodar nan mai warin da ke shaƙe hanci, wato sodiyam haidirosalfait. Marini ya sa safar roba har gwiwar hannu, wani lokaci safar ta yage tuni, ya tsoma yadi ya juya. Yadin ya fito da wani launi kore-kore, iska ta buge shi, a kan idonka ya rikiɗe ya koma shuɗi. A ɗauraye sau biyu, sau uku. In an tashi aiki, a karkata duron, ruwan ya bi kwata. Ƙasar da ke bakin kwatar ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa.

Abubuwa uku ne a cikin wannan ruwa, kuma kowanne da irin ɓarnarsa. Na farko soda. Ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin ruwa ko kaifin sodar da ke cikinsa, yana tafiya daga 0 zuwa 14, ruwan sha yana wajen 7, yawancin kifin gulbi yana rayuwa tsakanin 6.5 da 9. Ruwan tukunyar rini mai soda kuwa yakan haura 11, har 12 da 13. Wannan kaɗai ya isa ya ƙone matsarmamar kifi, ya kashe ƙasar noma. Na biyu hodar nan mai wari, wadda aikinta shi ne shanye iskar oksijin, kuma ba ta daina aikin don ta shiga tafki ba. Na uku launin kansa. Ko miligiram 1 a lita ido na iya ganinsa, yana tare hasken rana daga tsirran cikin ruwa, kuma an ƙera shi ne don ya jure rana da sabulu da gumi, saboda haka ba ya ruɓewa da sauri. A irin rinin da ake yi da gishiri da soda mai sanyi, tsakanin kashi 10 zuwa 50 cikin 100 na garin ba ya kama yadi, a ruwa yake tafiya.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni tsoro. Launukan azo idan suka kwanta a laka inda babu iska, ko suka shiga hanjin mutum, ƙwayoyin bakteriya suna tsinka su gida biyu. Launi ya ɓace, ruwa ya yi kamar ya warke, alhali gutsattsarin da suka rage, waɗanda ake kira amin, wasunsu sun fi uwar tasu guba. Tun a 1895 wani likitan tiyata a Frankfurt, Ludwig Rehn, ya lura cutar dajin mafitsara tana kama ma'aikatan masana'antar rini. Daga baya aka tabbatar cewa sinadarai irin su benzidin ne sila. Jamus ta haramta irin waɗannan launuka a tufafi a 1994, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2002. Ba kowane launin azo ne ke haifar da irin wannan guba ba, amma marinin da ya sayi gari a ƙullin leda babu takarda, babu suna, ta yaya zai bambance? Wasu launukan kuma da ƙarfe a jikinsu, tagulla ko kuromiyam.

Wani zai ce ai Kebbi ba Kano ba ce, ba mu da Sharaɗa, Challawa da Bompai, inda majemu da masaƙu suka shafe shekaru suna tura ruwansu cikin koguna. Gaskiya ne, kuma wannan ne dalilin da ya sa maganar ta dace yanzu, tun abin yana hannu. Jihar zaune take a kan fadama. Gulbin Rima ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, gulbin Zamfara ya bi ta Jega, duk su tattaru su faɗa Neja, wadda ta wuce ta Yawuri. A fadama ruwan ƙasa ba shi da nisa, mita kaɗan ka haƙa ka same shi, shi ya sa noman rani da 'yan rijiyoyin burtsatse ya yi albarka. Abin da ya sauƙaƙa ɗibar ruwan shi ne kuma ya sauƙaƙa gurɓata shi. Birnin Bamako, inda ake rina galilar da matanmu ke alfahari da ita, yana fama da wannan matsalar: dubban mata marina suna aiki a gidaje da bakin kogi, ruwan rinin na gangarawa cikin Neja ɗin nan dai da Sarkawa ke su a cikinta a nan ƙasa. Maƙwabtanmu na Zamfara kuma sun ɗanɗana a 2010 abin da ke faruwa idan aka shigo da sana'a mai guba tsakar gida: dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara kusan 400. Rini ba dalma ba ne, ba ya kisa da wannan saurin, amma hanyar iri ɗaya ce, daga sana'ar iyaye zuwa ƙasar da yaro ke rarrafe a kai da rijiyar da ake sha.

To yaya gawayi ke cire launi daga ruwa?

Idan aka gasa ɓuntu a zafin digiri 300 zuwa 700 a inda iska ba ta wadata ba, ba ya cinyewa ya zama toka. Ruwa da mai da hayaƙin jikinsa ne ke fita, su bar ƙashin bayan tsiron, baƙi, cike da ramuka. A madubin ƙara girma cikinsa kamar suri yake, hanya cikin hanya, ɗaki cikin ɗaki. Da za a shimfiɗe bangon waɗannan ramuka, giram ɗaya na gawayin ɓuntu zai ba da faɗin murabba'in mita goma-goma, mai kyau ya kai ɗari ko fiye. Gawayin masana'anta da aka ƙara wa ƙarfi yana kaiwa 500 zuwa 1,500, amma da tsada, kuma galibi daga waje ake shigo da shi. Ƙwayoyin launi suna kutsawa cikin ramukan su maƙale. Wasu suna mannewa saboda siffarsu shimfiɗaɗɗiya ce irin ta fuskar gawayin, sai su kwanta a kai. Wasu kuma caji ne ke jawo su.

A kan wannan cajin ne duk lissafin ya rataya. Caji iri biyu ne, na tarawa da na ɗebewa, alamomin nan da ke jikin batir. Mabambanta suna jan juna, iri ɗaya suna ture juna. Fuskar gawayin ɓuntu cajin ɗebewa ne da ita a mafi yawan lokaci, kuma yana ƙaruwa idan ruwan yana da soda. Saboda haka launi mai cajin tarawa, kamar metilin bulu, ko malakait girin da wasu masu kiwon kifi ke zubawa a tafki duk da ƙasashe da yawa sun hana, ko ruwan GV da ake shafa wa gyambo, gawayin yana zuƙe su da marmari. Ka zuba cokalin gawayi a kwalbar ruwan metilin bulu, ka girgiza, ka ajiye, in ka dawo ruwan ya yi garau.

Wannan gwajin shi ne ya cika mujallun bincike. Mafi yawan rahotannin da ke cewa gawayin kaza ya cire kashi casa'in da wani abu cikin ɗari, idan ka duba za ka tarar metilin bulu ne aka narka a tataccen ruwan ɗakin gwaji, launi ɗaya tilo, babu gishiri, babu soda, babu sabulu. Ba ƙarya suka yi ba. Amma marinin shadda ba da metilin bulu yake aiki ba. Launukan da ke kama auduga, irin wanda ake yi da gishiri da wanda ake dafawa kai tsaye, cajin ɗebewa ne da su. Shuni da danginsa ma, muddin suna narke a ruwan soda da hoda, cajinsu ke nan. Ka ga ke nan ruwan marina ya haɗa abubuwa biyu da gawayi ya fi ƙi: launi mai caji irin nasa, da soda mai ƙara masa ƙarfin turewa. Wanda ya karanta rahoton ɗakin gwaji, ya cika duro da gawayi, ya juye ruwan tukunya kai tsaye, zai ga ruwan ya fito kusan yadda ya shiga, ya ce an yaudare shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A ganina matsayin gawayi a ƙarshen layi yake. Akwai ayyukan da dole su riga shi, kuma duk ba su fi ƙarfin marini ba. Da farko a raba ruwan tukunya mai kauri da ruwan ɗauraya, domin na ɗaurayar ƙarshe ana iya sake aiki da shi. Ruwan tukunyar a tara shi a kwandon siminti ko duro, a yi ta kaɗa shi iska na shiga. Abin da ke sa yadi ya rikiɗe a iska shi ne zai faru a nan: shunin da ke narke ya koma gari, ya daina narkewa, ya fara kwanciya, hodar mai wari kuma ta mutu. Bayan haka a karya ƙarfin sodar da ɗan ruwan asid, a riƙa dubawa da takardar awon pH mai arha har ya sauko kusa da 7. Sai a kawo abin da ke dunƙule datti. Alam da aka saba sa wa ruwan gulbi yana yi. Garin ƙwayar zogale ma yana yi, kuma a nan yana da wata fa'ida ta musamman, domin furotin da ke cikinsa cajin tarawa ne da shi, daidai abin da launukan auduga ke so. A bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama. Wannan ruwan da ya rage, mai ɗan sauran launi, shi ne abincin gawayi.

Matatar kanta ba wani abin mamaki ba ce: duro mai famfo a ƙasa, tsakuwa, yashi, gawayi mai kauri, sannan yashi a sama don danne shi, saboda gawayin ɓuntu ba shi da nauyi, tasowa yake. Ruwan ya riƙa ɗiga a hankali, gaggawa ba ta ba launi damar shiga ramuka. Gara a jera duro biyu, na farko ya zuba a na biyu. Ranar da aka ga launi ya fara ɓullowa daga na farkon, ya ƙoshi ke nan, a sauke shi, na biyu ya dawo gaba, a ɗora sabo a baya.

Ga ɗan lissafi don a ga girman abin, da adadin da na ƙaddara don misali. A ce duro mai lita 200 yana ɗauke da miligiram 200 na launi a kowace lita, giram 40 ke nan. A ce kowane giram na gawayi yana riƙe miligiram 10. Ana buƙatar kilo 4. In ƙarfinsa rabin haka ne, kilo 8. Ɓuntu kuma yakan ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa a matsayin gawayi, wato ɓuntun buhu guda na shanshera zai ba da kilo 6 zuwa 7. Ko a lissafi mai tsauri, abin da injin casa ɗaya ke zubarwa a yini ya ishi marinan unguwa guda na tsawon lokaci. Ta fuskar kayan aiki, Kebbi ba ta da uzuri.

Yin gawayin ma akwai hanya mai sauƙi da manoman Jafan suka daɗe suna bi, cibiyar binciken shinkafa ta Filifin kuma ta yaɗa irinta. A samu gwangwani mai huji-huji da dogon bututun hayaƙi, a hura 'yar wuta a cikinsa, a tara ɓuntu a kewaye har ya rufe shi. Wutar na ci daga ciki zuwa waje. Da ka ga baƙi ya ɓullo a wani gefe, ka jawo ɗanyen ɓuntu ka rufe. In tsibin ya yi baƙi gaba ɗaya, a baje shi a kashe da ruwa nan take, in aka yi jinkiri fari zai koma, toka ke nan, aiki ya ɓaci. Sai a wanke shi sosai, domin tokar da ke jikinsa tana ɗaga pH, wanda bai gasu da kyau ba kuma yana ɗauke da kwalta mai gubar kanta. Ɓuntu yana da wani hali: kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, tokar kuma kusan duk silika ce, sinadarin yashi, wadda ke cushe ramuka. Idan aka dafa gawayin a ruwan soda, silikar na narkewa, ramuka su buɗe, ƙarfinsa ya ninka. Soda kuwa ita ce abin da marini bai taɓa rasawa ba. Masu bincike suna kuma jiƙa gawayi da sinadarin ƙarfe don ya samu wuraren cajin tarawa, har maganaɗisu ya iya tsamo shi daga ruwa, amma wannan aikin ɗakin gwaji ne kafin ya zama na unguwa.

Totuwar masara da ɓawon gyaɗa da tukar rake duk suna yin gawayi mai kyau. Karan dawa a bar wa dabbobi da darni. Abin da ba zan goyi baya ba ko kaɗan shi ne a sare itace don wannan aikin, a jihar da hamada ke matsowa ta Arewa da Dandi.

Saura babbar maganar da ake tsallakewa. Gawayi ba ya kashe launi, matsar da shi yake daga ruwa zuwa jikinsa. Duro guda na guba mai ruwa-ruwa ya koma kilo kaɗan na guba busasshiya, wannan ci gaba ne, amma gubar tana nan. Haɗarin ya fi yawa saboda an riga an tallata gawayin tsirrai a matsayin abin gyaran gona, kuma haka ne, baƙar ƙasar yankin Amazon wadda mutanen wurin suka cakuɗa da gawayi ɗaruruwan shekaru da suka wuce har yau ta fi ta kewaye albarka. Manomin da ya ji wannan, in ya ga tulin gawayin marina, fadama zai kai shi. Uwargida kuma in ta gani, murhu za ta kai shi, ta shaƙi hayaƙinsa, ta gasa masara a kai. An gudu ba a tsira ba ke nan. Gawayin da ya sha rini, da lakar da ta kwanta a kwando, dole a keɓe su a wuri mai rufi, a tattara. Ana iya sake gasa gawayin a rufaffiyar tukunya mai zafi sosai, wani ɓangaren ƙarfinsa ya dawo. Ana iya cakuɗa shi kaɗan-kaɗan a siminti ya daskare a ciki. Mafi tsabta shi ne wuta mai tsananin zafi irin ta masana'antar siminti, wadda ke kaiwa digiri 1,450, kuma akwai irinta a Kalambaina ta Sakkwato, ba nisa. Haka nan ruwan da ya fito daga matata, komai haskensa, ba na sha ba ne, ba na alwala ba, ba na shayar da dabba ba. Gishirinsa yana nan, gawayi ba ya taɓa shi, kuma mun riga mun ga cewa ɓacewar launi ba shaidar lafiya ba ce. Amfaninsa ya koma ɗauraya.

Wa zai ɗauki nauyi? Marinin da ke rina shadda biyar a yini ribarsa ba ta kai ya gina kwando shi kaɗai ba, kuma in aka matsa masa da tara, dare zai jira ya zubar. Hukumar kula da ƙa'idojin kare muhalli ta ƙasa, NESREA, da aka kafa a 2007 tana da ƙa'idojin 2009 kan masaƙu da majemu, amma an tsara su ne da manyan masana'antu a zuciya. Abin da zai yi aiki a Birnin Kebbi ko Jega shi ne ƙaramar hukuma ta ware wa marina fili guda nesa da rijiyoyi, mai daɓen siminti da magudana ɗaya, ƙungiyarsu ta riƙe matatar, masu injin casa su samar da gawayin a farashin da bai wuce na wahalar yinsa ba. Mata masu rini a cikin gida, waɗanda ba za su fito fili ba, a ba su jarkoki a riƙa zuwa karɓa.

Kafin a kashe kobo a wannan, akwai aikin da ke kan jami'ar Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da kwalejin Waziri Umaru. Ɗalibin da zai yi bincike a kan gawayi ya ajiye kwalbar metilin bulu, ya ɗauki jarka ya je wurin marina ya ɗebo ruwan gaske, na rani da na damina. Ya yi gawayinsa da ɓuntun injin unguwarsu a gwangwani, ba a tandar lantarki ba. Ya auna pH da gishiri da ƙarfe da gutsattsarin amin kafin tacewa da bayanta, ya saka 'ya'yan tarwaɗa a ruwan ya ga ko za su rayu, ya ƙirga duro nawa matatar ke ɗauka kafin ta ƙoshi, ya faɗi naira nawa kowane duro zai ci. Sannan a rubuta sakamakon da Hausa a takarda guda, a kai wa Sarkin Marina da mutanensa su gwada da hannunsu.